Kyanwar Da Ta Hana Ni Zuwa Suna

Na san abin da ake faɗa a gidan nan idan na juya baya. Wai Umma ta zauna a China tana rainon kyanwa, ta bar 'yarta ta fari ta haihu a hannun mutane. Har jikoki sun haddace zancen. Ran nan ina ɗaki na ji ƙaramarsu tana ba ƙawarta labarin a tsakar gida, suna ta ƙyaƙyata dariya. Ban ce ƙarya kuka yi ba. Na zauna ɗin, saboda kyanwa na zauna, kuma ban ga sunan jikana na farko ba. Amma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce Umma yaya aka yi, kowa ya ɗauki guntun da ya ji ya yi gaba. Yanzu da gwiwa ta hana ni kasuwa ta hana ni murhu, ga ni ga lokaci, sai ku saurara in ba ku shi tun daga tushe.

Bayan rasuwar babanku na fara zuwa Guangzhou ina saro mayafai da dogayen riguna a kasuwar Shahe. Ban daɗe ina zuwa ba na lura mutanenmu na shan wuyar abinci. Ka ga babban Alhaji mai loda kwantena ya wuni a kan biredi da shayi, don yana tsoron abin da ke cikin tukunyar 'yan gari. Na ce wannan ai kasuwa ce a kwance. Na kama haya a wani tsohon lungu, na sa ƙanwata Talatu ta biyo ni, muka ɗora tukunya. Tuwon shinkafa muke yi da miyar kuka, daddawa kuwa a jaka fatake ke kawo mana daga gida. Falonmu ya koma zaure, ga Kanawa, ga mutanen Maraɗi da Yamai, ga 'yan Ghana, kowa da irin Hausarsa, ana ci ana gardamar kuɗin jirgin ruwa. Ku kuma kuna Kano wajen Gwaggonku, ina zuwa ina komawa.

A bayan gidan akwai bola, a bolar akwai kyanwoyi. Kada ku ɗauka irin na gidan kakarku ne masu kwana a kan buhun gero. Waɗannan a titi aka haife su, ba su san hannun mutum ba sai da jifa. Ka ce musu mus-mus su dube ka kamar ka zagi iyayensu. Ni dai ba na iya zubar da kan kifi a shara alhali mai rai na kallona, don haka kullum da safe nake ajiye musu a murfin roba. A nan na haɗu da wata tsohuwa 'yar firit mai farin gashi, kowa a lungun Ayi yake kiranta, wato gwaggo da yarensu. Tana jan keken cefane da keji a ciki. Ranar da na fara ganin ta rufe kyanwa a kejin nan ta ja ta tafi, Talatu ta ce shi ke nan, an yi farfesu. Bayan 'yan kwanaki sai ga kyanwar ta dawo lafiya lau, cikinta a aske, an ɗan yanke tsinin kunnenta. Da nuni da waya da guntun Sinancin kasuwa Ayi ta fahimtar da ni. Wurin likitan dabbobi take kai su a yi musu aiki don su daina haihuwa a bola, yankan kunnen kuma shaida ce don kada a sake kama wadda aka gama da ita. Waɗanda suka yi laushi tana nema musu gida. Na ce da Talatu ta nemi gafarar baiwar Allahn nan, ta ce ai tsohuwar ba ta jin Hausa.

Da damina ta kankama sai aka zo aka shafa wani jan harafi a bangon kowane gida a lungun. Rusau ke nan. Mu mutane sai mu naɗe tabarma mu nemi wata hayar, su kuwa kyanwoyin idan katafila ta shigo ƙarƙashin ginin za su ɓuya, ginin kuma a kansu zai zauna. Na tarar da Ayi tsaye a bakin bola tana nuna su ɗaya bayan ɗaya tana share hawaye. Ta iya kamu, amma gidajen da ta sani duk sun cika. Ni kuma ina da abin da ba ta da shi, wato falo cike da maza masu sito, kowane yana kukan ɓera. Ranar nan ina zuba wa Alhaji Mamman na Maraɗi miya, mai siton takalma ne a wajen kasuwar Zhanxi, yana ta mita ɓeraye sun huda masa kwalaye sun ci fata, sai na ajiye ludayi.

"Alhaji, in samo maka maigadi? Ba ya neman albashi, ba ya neman biza."

Aka kwashe da dariya, amma kafin a wanke hannu na samu masu son kyanwa. Na kafa musu sharaɗi, kuma ban yi wasa ba. Abinci da ruwa kullum, ba a kulle ta a tafi Kano wata guda, kuma zan riƙa zuwa dubawa ba sallama. Wanda ya saɓa kada ya ƙara hawo mini bene neman tuwo. Sai muka raba aiki, Ayi ta kama ta kai asibiti, ni in karɓa in ajiye a ɗakin da muke tara buhunan shinkafa har ta saba da motsin mutum, sannan in miƙa ta. Wata takan yi laushi cikin mako, wata sai ta ƙi fitowa daga bayan buhu har in fara zaton ta mutu. Wani ɗan Yamai ya dawo mini da tasa ya ce ta fi ɓeran ɓarna, na karɓa na ba wata mai shagon shayi, can kuwa ta zauna ta yi ƙiba. Talatu kullum cikin ƙorafi take, wai za a ce da naman kyanwa muke miya, amma na sha kama ta tana tsame musu hanta daga tukunya.

Aka yi ta raguwa har saura ɗaya. Mace ce mai ruwan toka, ramammiya, wata siririyar waya ta shaƙe mata wuya tun tana ƙarama, tana girma wayar na shiga cikin nama. Ba ta shiga keji ko an sa kifin duniya. Kullum Ayi ta dawo da keji wayam sai ta girgiza kai ta ce meyo, kalmar da masu shago ke ce mana idan babu kaya. Talatu ta ce to ai ga sunanta nan, Meyo, kuma ya yi daidai da kukanta. Alhaji Mamman ya ce shi ita yake so, don mai irin wannan zuciyar ita ce daidai da ɓerayen Zhanxi. Muna cikin haka Ayi ta zame a kan jiƙaƙƙen matakala ta karye a ƙugu, ɗanta ya zo ya ɗauke ta ya kai ta gidansa a Panyu. Ta aiko mini da kejin, ta turo hoton Meyo a waya da muryarta tana ta maimaita shiye-shiye, wato na gode. Ban ma ce na karɓa ba ta riga ta yi godiya.

A wannan lokacin Yayarku na da tsohon ciki na farko, tikitina kuma yana hannu. Shiri ya kammala, zan koma in buɗe gida, ta zo goyon ciki ta haihu a gabana in yi mata wanka da hannuna, yadda tawa uwar ta yi mini. Lissafin asibiti ya ce da sauran fiye da wata. Katafila kuwa ta riga ta fara cin bakin lungu, wuyan Meyo ya fara wari, ina jinsa daga inda nake tsaye. Na ce Talatu ta karɓi aikin, amma Talatu ko tari ta yi sai an ji a ƙasan bene, kyanwar na hango ta take haye katanga. Ni kaɗai take yarda ta ci abinci ina wurin. Na auna, na sake aunawa, na ga akwai lokaci, sai na ɗaga tafiyar. Wannan shawara tawa ce, ba wanda ya sa ni. Na kira Yayarku na gaya mata a taƙaice.

"Kyanwa, Umma?"

Na ce e. Ta ce to, Allah ya kaimu. Muka ajiye waya.

Yanzu sai in gaya muku yadda na shawo kan dabbar da ta gagari Ayi, don a nan zancen yake. Ayi mace ce mai son abu a fili. Takan durƙusa ta zuba wa kyanwa ido tana kiran mimi, mimi, tana miƙa hannu. Meyo kuwa ido ne abin tsoronta, da ka dube ta ta tafi. Wata safiya ina zaune ina gyaran alayyafo na ba ta baya, sai na ji tana ci kusa da ni. Na waiwaya ta gudu, na juya ta dawo. Na ce ikon Allah, wannan ai aikin da na fi kowa iyawa ne. Ku 'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba sai a baki. Mu an tashe mu a kan cewa uwa ba ta kiran sunan 'yarta ta fari, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yabonta, ba ta tsayawa ta kalli fuskarta. Ki tsame tsokar da ta fi kyau ki sa mata a kwano, ki tura mata kina kallon bango. In ta yi zazzaɓi ki kwana zaune, da safe a tambaye ki ki ce oho. Haka na yi wa Yayarku tun tana zanen goyo. Ku ina kiran sunayenku har maƙwabta su gaji, ita kuwa sai dai ke, ko wannan yarinyar. Ban taɓa tunanin tana ƙirga wannan a matsayin rashi ba, don ni a wurina shi ne mafi girman so.

To haka na yi wa Meyo. Kullum bayan na idar da sallar asuba sai in sauka da 'yar kujera da tiren alayyafo ko albasa, in zauna a kaikaice, in ajiye murfin kifi a bayana. Ba na kiranta, ba na kallonta. Yau murfin na nesa, gobe in ɗan jawo shi. Masu shara suna wucewa suna kallon baƙar mace da mayafi tana yanka albasa a bakin bola, wani ma har ya ɗauke ni hoto. Ƙurar rusau tana sauka a kan tiren, sai na hau sama na sake wankewa. A hankali murfin ya iso gefen ƙafata, ina jin numfashinta a idon sawuna, ina danne zuciyata kada in duba.

Ana cikin haka, wata rana da azahar falo ya cika ana cin abinci, sai ga kiran Gwaggonku. Naƙuda ta zo ba lokacinta ba, an garzaya asibiti, an yi mata aiki, an samu namiji, dukansu suna raye. Sai ta kara wa Yayarku wayar. Na ji muryarta can ƙasa kamar ba ita ba, ta ce Umma na haihu. Ga maza cike da falo duk sun ɗago kai suna kallona, 'yar fari ce kuma ke magana. Bakina ya yi abin da aka koya masa.

"To. Allah ya raya."

Na miƙa wa Talatu wayar, na shige banɗaki na buɗe famfo, na yi kukan da ban yi irinsa ba tun mutuwar babanku. Amma wannan ba ta gani ba. Abin da ta ji shi ne uwar da ta zauna don kyanwa, an yanka cikin 'yarta, ta ce Allah ya raya ta ba da waya. A ranar na fita neman jirgi. Lokacin baje kolin kaya ne, garin ya cika da baƙi ya batse, duk inda na je sai a ce meyo. Alhazan falona kowa ya kira wanda ya sani, kujerar da aka samo mini sai bayan suna. Ranar sunan ina Guangzhou ina tuƙa tuwo, ana turo wa Talatu hotuna ina satar kallo.

Washegari na sauka bola don ban san inda zan sa kaina ba. Ko tire ban ɗauka ba. Na zauna hawaye na zuba, na ma manta da ita, sai na ji abu mai ɗumi ya dungure mini ƙafa. Meyo ce ta goga kanta a jikina. Na dubi wuyan nan a kusa, wayar ta nutse har ba a ganinta sai ƙulli. Na gane kawar da kai ya yi iya abin da zai yi, ya kawo ta gabana, amma ba zai cire waya ba. Na yi bismilla na zare mayafina na rufa mata na damƙe. Wayyo, 'ya'yan nan, ashe ƙarfi ne da ita haka. Ta cije ni, ta tsaga mini hannu da farce daga wuyan hannu har gwiwar hannu, jini na ɗiga a kan silifas ɗina, ban sake ta ba sai da na tura ta kejin Ayi da nake bari a gefen bolar. Likita ya cire wayar ya ɗinke, ni ma aka wanke mini aka yi mini allura aka naɗe. Alhaji Mamman ya zo da kansa ya ɗauki kejin kamar mai ɗaukar amarya, ya yi alkawarin ajiye ta a ɗan ofishinsa har ta warke. Na tura wa Ayi hoto, ta maido da murya tana dariya tana kuka, ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Ina haɗa akwati katafila na cin gidan da ke kusa da bolar.

Na sauka Kano na wuce gidan Gwaggonku, don a can aka kai mai jego tunda gidan uwarta a kulle yake. Ɗakin cike da mata 'yan barka, ƙamshin kunun kanwa da turaren wuta. Yayarku ta gaishe ni da ladabi, sannu da zuwa Umma, ya hanya, irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabciya. Yaron yana gefenta a naɗe, ba ta miƙo shi ba, ni kuma ban nema ba. Na koma abin da na iya. Na zauna bakin ƙofa a kaikaice, ni ce dafa ruwan wanka, ni ce wankin zannuwa da hannu ɗaya, ni ce gasa mata nama in aika da shi ta hannun wani. Kwana da kwanaki ina haka, ina jiran ta matso, ba ta matso ba. Wata la'asar na shiga ajiye kunu, hannun rigata ya ja baya, ta ga ɗaurin da sawun farce.

"Ita ta yi miki haka?"

Na ce ita ce, ai sai da na riƙe ta da ƙarfi kafin ta shiga keji.

"Ita dai kin riƙe ta ke nan."

A hankali ta faɗa, tana gyara wa yaro hula. Na tsaya da kofi a hannu, maganar ta shige ni har ƙashi. Akwai mata a ɗakin, har da surukarta da Gwaggonku. Na ajiye kofin, na taka na zauna a bakin gadonta, na kalli fuskarta sosai, abin da rabona da yi tun tana jaririya idan ba kowa. Na ga ta rame, na ga goshin babanku. Sai na buɗe baki na kira sunanta, cikakke, yadda liman ya raɗa mata. Harshena ya yi nauyi kamar na mai koyon magana. Gwaggonku ta kama haɓa ta ce a'a, yau kuma. Ban kula ta ba, na sake kira.

"Ashe kin san shi, Umma."

Daga nan ta fashe. Duk abin da ta tara ta zazzage mini, tun daga ranar da ta ci jarrabawa na ce oho, har zuwa ɗakin tiyata da ta yi ta duban ƙofa. Wasu maganganun sun yi zafi, wasu ma ba daidai ba ne, ban kare kaina ba kuma ban sake ta ba. Matan suka zame ɗaya bayan ɗaya suka bar mana ɗakin. Da ta gaji ta share fuska da gefen zane, ta ɗauko yaron ta ɗora mini a kan hannun nan mai ciwo, ta dube ni ido jawur amma bakinta na rawar dariya. Ta san sarai sunan babanku aka sa masa, ta kuma san ban taɓa kiran sunan mijina ba, yana raye ko bayan ransa.

"Tunda bakin ya buɗe, shi ma kira shi mu ji."

Na ce ke, ki ji tsoron Allah, suna ɗaya ya ishe ni a rana, wannan Maigida ne. Ta yi dariya har ta dafe wurin ɗinki tana cewa in bari kada ya ɓalle. Na gyara wa Maigida kwanciya a cinyata, na ce ta sha kununta tun bai huce ba.